Sakatar Ciki

Shekara goma sha tara Kafinta ya yi yana gina wa Darakta ɗakunan fim, amma bai taɓa kallon fim yadda 'yan Adam ke kallo ba. In jarumi na kuka a bakin ƙofa, kowa jarumin yake kallo, shi kuwa ƙofar yake kallo, yana tsaki don gefenta ya ɗan karkace. 'Ya'yansa sun daɗe da daina zama kusa da shi a gaban talabijin. Sun ce Baba ba abokin kallo ba ne, ana tsakiyar soyayya sai ya kawo maka maganar katako.

Sabon aikin ya fi duk na baya girma. Darakta ya samo wani littafi, ƙagaggen labari na kimiyya, ya ce zai mayar da shi fim. Aka kama wani tsohon sito mai rufin kwano, Kafinta da ma'aikatansa suka shafe wata biyu suna gina cikin kumbo da falanki da bututun roba da matattun fankokin kwamfuta, aka feshe komai da fenti ruwan azurfa. Wanda ya shigo ta gaba sai ya rantse yana sararin samaniya. Wanda ya zagaya ta baya kuwa, tokara zai gani da buhunan yashi da butar shayin ma'aikata.

Jarumar fim ɗin kuma 'yar Kafinta ce, Auta. Shekara huɗu ta yi tana cikon benci a finafinan mutane, yau ta wuce da tire, gobe ta zauna a layin asibiti tana tarin ƙarya. A wurin gwaji ta doke mata sittin, kuma sai bayan da Darakta ya zaɓe ta ya ji labarin 'yar kafintansa ce, ya yi dariya ya ce ashe kayan gida ne. Abu ɗaya ta ɓoye a takardar da ta cike: tana da asma tun tana 'yar shekara biyar. Ba kullum take tashi ba, amma in ta tashi ba mai zama a gidan. Ta roƙi ubanta ya rufa mata asiri, shi kuma ya rufa.

Kafinta ba ma'abocin karatu ba ne in ba na awo ba, don haka Auta ce ke karanta masa littafin a shagonsa lokacin hutun rana, don ya san abin da zai ƙera. Labarin wata injiniya ce a cikin kumbo mai ɗauke da irin shuka zuwa wata duniya, tafiyar shekara tamanin. Kowa na barci a akwatinsa, na'ura na tuƙi. A tsakiyar hanya injiniyar ta farka, murfin akwatinta ya ƙi buɗewa. Shafi arba'in ta yi a kwance. Ba ihu, ba kuka. Tana ƙirga numfashinta, tana tuno yadda aka haɗa akwatin waya bayan waya, har ta gano inda cikas ɗin yake.

"Ka ji mace," in ji Auta, ta rufe littafin ta rungume shi. "Saboda wurin nan nake son fim ɗin, Baba."

"Ni dai ban ji inda ya faɗi kaurin murfin ba," in ji Kafinta.

Duk da haka ya ƙera akwatin, kuma ya ƙera shi kamar na ɗakin 'yarsa. Tsawon ƙafa bakwai, murfi na gilashin roba mai kauri, da makulli a waje wanda ke kama kansa da zarar an rufe. A ciki, daidai inda hannun dama zai faɗa, ya sa sakata mai laushi wadda ɗan yatsa ɗaya ke zarewa. A ƙasa ya huda ramukan iska goma sha biyu, ya sake dubawa ya ƙara huɗu.

Ana saura kwana shida ɗauka, Darakta ya zo dubawa. Siririn mutum ne mai sanyin murya, ba ya faɗa, ba ya zagi, kuma duk siton babu wanda ba ya shakkarsa. Da ma mai faɗa ne, da an san ta inda za a tare shi. Ya zagaya akwatin sau biyu, ya shafa gefensa, ya jira har ma'aikata suka fita shan iska.

"Aiki ya yi kyau," ya ce. "Sai dai wannan." Ya taɓa sakatar. "Ranar ɗauka ka cire ta. Kar Auta ta sani."

Kafinta ya dubi sakatar. Ya daɗe yana jiran wannan magana, yana kuma yi wa kansa ƙaryar ba za ta zo ba.

"Yallaɓai, a littafin ai ba ta tsorata ba."

"Ka karanta ke nan?"

"An karanta min."

"To, an karanta maka shafi arba'in na mace a kwance tana tunani. Littafi yana shiga cikin kan mutum ya zauna, kyamara kuwa a fuska take tsayawa. Wa zai baro gidansa ya zo kallon mace tana lissafi a zuci? Minti uku kawai nake so, amma na gaske."

"'Yata ce, Yallaɓai."

"Shi ya sa na zo wurinka, ban je wurin wani ba. In ba za ka iya ba ka faɗa min. Akwai masu iyawa."

Akwai kuwa, kuma Kafinta ya san su. Ya san irin aikinsu, mutanen da ko ramin iska ba za su tuna ba sai an tambaye su.

Washegari ba aiki. Ya kulle kansa a shago da rana tsaka, ya jingina wayarsa da gwangwanin gam, ya kunna finafinan Darakta guda uku ɗaya bayan ɗaya. Wannan karon fuskoki ya kalla.

Na farko shi ne mai matakala. Lokacin Kafinta na da ƙuruciya da son a yaba masa, Darakta ya ce ya ci rabin taki na uku da zarto ta ƙasa, ya shafe da fenti. Jarumin ya sauko a guje, katakon ya karye, ya yi wata ƙara da har yau ake kawo ta misali a makarantun fim. Idon sawunsa bai koma daidai ba. Yanzu yana da rumfar cajin waya kusa da tasha, da sandarsa jingine a gefe, kuma duk ranar da ya hango Kafinta sai ya ɗago hannu biyu ya gaishe shi, don har gobe bai san hannun waye a takin ba.

Na biyu shi ne mai gobara. A nan mariƙin ƙofa aka ce Kafinta ya sassauta, yadda in an ja da ƙarfi zai fito a hannu. Yarinyar ta tsaya da mariƙi a hannunta, wuta na ci a bayanta, ta juyo ta kalli kyamara. An ba fim ɗin kyaututtuka har ba wurin ajiyewa. Ita kuwa ba ta sake fitowa a fim ba, kuma an ce ko a gidanta ba ta yarda a tura ƙofa.

Na uku labarin wa da ƙane ne masu garejin gyaran mota. Ba a sa Kafinta ya yanke komai ba, ba a sa shi ya kwance komai ba, kowace ƙofa ta buɗe lokacin da aka tura ta. Shi ne fim ɗin da Kafinta ya fi so, kuma shi ne wanda ba wanda ya kalla. 'Yan jarida suka jera ukun suka yi ta sharhi, wai na farko da na biyu rayuwa ce tsirara, na uku kuwa wasa ne, wutar Darakta ta mutu. Masana sun cika shafuka suna neman bambancin. Da sun tambayi Kafinta, da ya nuna musu zarto da sukundireba sun huta.

Ya kashe wayar ya zauna. Tsoro yake ji, ba wani abu ba. Mutumin da aka ce wutarsa ta mutu ya dawo neman suna, kuma Auta ce za ta kwanta a akwatin.

Da Auta ta kawo masa abinci, ya zaunar da ita a kan benci ya faɗa mata komai, har da takin matakala, wanda ko mahaifiyarta ba ta sani ba. Ta sunkuya tana kallon garin katakon da ke ƙasa.

"Ki bar fim ɗin nan, Auta."

"In koma ɗaukar tire?"

"To bari in gaya masa kina da asma."

"Kafin azahar ya kira wata. Baba, mata sittin ne a layi." Idonta bai kauce daga nasa ba. "Kai fa kafinta ne. Ya ce ka cire sakata, bai ce akwatin kar ya buɗe ba."

Gaba kura, baya sayaki. In ya tafi, wani zai karɓi akwatin. In ya tona, ya karya 'yarsa da hannunsa. Sai ya yi abin da ya iya. Kwana uku yana zuwa sito kafin kowa, ya cire allon da ke wajen ƙafa, ya mayar da shi a kan ƙaramin sifirin, ya ja siririyar waya ta cikin bango har zuwa makullin. Wanda ke kwance in ya taka allon da ƙarfi, murfi zai saki. Daga waje ba abin da ido zai gani. Auta ta shiga ta gwada sau biyar, sau biyar murfin ya yi tsalle.

"Shi ke nan," ta ce, tana dariya har da tafi. "Zan ba shi tsoron da yake nema, na ƙarya, ya ɗauka na gaske ne. Ai aikina ke nan. Kai dai kar ka firgita, Baba. Duk abin da ka ga ina yi wasa ne. In na ji ba daidai ba, zan taka."

Ya ce to. Amma abinci bai ƙara yi masa daɗi ba har ranar.

Ƙarfe goma na safe aka shirya. Kwanon sito ya riga ya ɗauki zafi, ga fitilu a kai. Darakta ya sallami kowa, ya bar mai kyamara, da mai ɗaukar sauti, da Kafinta. Farar rigar da aka ɗinka wa Auta ba ta da aljihu, don haka abin shaƙarta na maganin asma yana aljihun ƙirjin ubanta, kuma kowane minti sai ya taɓa ya ji yana nan. A gaban idon Darakta Kafinta ya kwance sakatar da safe, ya miƙa masa ita da sukurorinta huɗu.

Auta ta kwanta. Aka sauke murfi, makulli ya ce ƙwas. Murfin na da kauri, ba a jin muryar na ciki sai ta ɗan abin maganar da aka liƙa mata, shi kuma kunnen mai sauti kaɗai yake zuwa. Kafinta ya tsaya a bayan kyamara, taku biyar daga akwatin, fuskarta na gabansa sosai.

"Akshin," in ji Darakta, a hankali kamar mai tashin jariri.

Ta buɗe ido. Ta lalubi inda sakata take, ba ta ji komai ba. Ta sake lalubawa. Idonta ya fara girma, ta tura murfin da tafin hannu, sannan da hannu biyu. Ko da yake Kafinta ya san shiri ne, sai da tsigar jikinsa ta tashi.

Darakta ya ɗaga ɗan yatsa. Mai kyamara ya taka wani abu da ƙafa, sai ga farin hayaƙi yana tasowa cikin akwatin. Babu hayaƙi a littafin, babu shi a takardar fim, ba wanda ya ambace shi. An zura tiyo ne ta ƙarƙashi, kuma ta ramukan iskar da Kafinta ya huda da hannunsa hayaƙin ke shiga.

Kafinta ya yi taku ɗaya ya tsaya. Ya tuna maganarta. Tana da allo a ƙafarta, in ta ji ba daidai ba za ta taka. Ya ƙirga goma, murfi bai buɗe ba. Ya ƙirga ashirin. Ke nan tana lafiya, ke nan ta ga dama ce ta samu take amfani da ita.

Kuma me za a ce da irin wannan wasa. Tana dukan gilashi da gwiwar hannu, jikinta gaba ɗaya na fizga, akwatin na amsawa dim, dim, dim. Bakinta na buɗewa yana rufewa a kan kalma ɗaya. Jijiyar wuyanta ta fito. Mai sauti ya zare abin kunnensa ɓari ɗaya ya dubi Darakta, Darakta ya girgiza masa kai ba tare da ya kalle shi ba. Kafinta ya ga haka, wani daɗi ya ratsa tsoronsa. Yarinyar nan ta yaudari har mai sauti. Ta yaudari mutumin da ya yaudari kowa shekara goma sha tara. 'Yarsa ce wannan, mai ɗaukar tire. Bai san lokacin da fuskarsa ta saki ba, har ya ɗan gyaɗa mata kai, irin na ci gaba, kina yi daidai.

Minti biyu ya wuce. Sai idonsa ya zame daga fuskarta ya bi gefen akwatin zuwa wajen ƙafa, kamar yadda ya saba. A kan allon akwai tabo biyu da fentinsu ya fi na kewaye sheƙi. A ƙarƙashin fentin, kan ƙusa ne guda biyu, ɗaya ma a karkace aka buga ta.

Kafinta ba ya buga ƙusa a kayan fim. Sukuru yake ɗaurawa, don a kwance bayan an gama. Duk kumbon nan babu ƙusa ko ɗaya tasa.

Dim, dim, dim. Daga wajen ƙafa ƙarar ke fitowa, kuma tun ɗazu daga can take fitowa.

Bai san ya ture kyamara ba sai da ya ji ta faɗi. Ya zaro hamma daga ɗamararsa, ya cusa bakin cire ƙusa a tsakanin murfi da makulli, ya danna. Aikinsa ne, kuma ya yi shi da kyau, makullin ya ƙi. Ta cikin gilashi yana ganin leɓenta ya canza launi, dukan ya ragu, hannunta na zamewa. Ya sake cusawa ya hau da nauyinsa duka, katako ya tsage, murfi ya ɗago, hayaƙi ya bugi fuskarsa.

Ya ciccibo ta ya zaunar a ƙasa. Numfashinta na fita da wani siririn fito da ya sani tun tana ƙarama. Ya zaro abin shaƙar daga aljihu, ya sa mata a baki. Ɗaya. Ya jira. Biyu. Yana riƙe da bayanta yana cewa a hankali, a hankali, shi kansa bai san da wa yake ba. An daɗe kafin fiton ya fara sauka, ƙirjinta ya fara cika yana sauka kamar na mutane.

Mai sauti ya ajiye kayansa ya fita. Darakta na tsugune gaban ƙaramin allon kallo, yana mayar da hoton baya.

"Minti biyu da daƙiƙa arba'in," ya ce. "Ya isa. Mun samu." Sai ya ɗago, ya ga abin shaƙar, fuskarsa ta ɗan sauya. "Ba wanda ya gaya min tana da ciwo."

"Wa ya buga ƙusa?" in ji Kafinta.

"Ni. Jiya da kuka tashi na shiga na kwanta, na taka ko'ina. Kai kaɗai ne ka san halina? Ni ma shekara goma sha tara nake kallon aikinka."

Hammar na hannun Kafinta har yanzu. Ya dube ta, ya dubi siririn wuyan mutumin, kuma Allah ya sani abin da ya zo masa a rai ba mai kyau ba ne. Ya buɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, hammar ta faɗi a siminti. Ya juya ya durƙusa gaban 'yarsa.

Farin takalmin da aka haɗa mata da rigar ya ɓaci a ƙafar dama, jini ya fito ta wajen babban yatsa. Ya kai hannu zai cire mata, ta janye ƙafar.

"Auta, ban sani ba. Wallahi ban ga ƙusar ba sai daga baya."

Ta tara numfashi. Da ta yi magana, muryar ta dushe, sai da ya matso ya ji.

"Tun kafin hayaƙin na taka. Na ce bari in gwada in ji yana nan. Bai motsa ba." Ta huta. "Ina ta kiran ka. Ba maganar fim nake yi ba, Baba nake cewa."

"Ba a ji daga waje, 'yata. Murfin..."

"Na sani ba ka ji." Ta ɗago ta dube shi, ba fushi a idonta, kuma da fushin ne da ya fi masa sauƙi. "Amma ina ganin ka. Kana tsaye kana kallona, kana murmushi."

Ya miƙa mata hannu don ta tashi. Ta kalli hannun, sannan ta dafa gefen akwatin ta miƙe da kanta, ta nufi ƙofa tana ɗingishi.